Shaidar da Aka Dafa a Tukunya



Paraku ba garin ruwa ba ne, garin manyan motoci ne da ƙura. Duk wanda ya san shi ya san cewa a nan ne layin dogo da ya taso daga Kwatano ya yi kilomita 438 ya tsaya cak, shi ya sa tun zamanin iyayenmu aka saba sauke kayan Nijar a nan a ɗora wa mota, kuma ko bayan da jirgin ƙasan ya yi sanyi motocin ba su bar garin ba. Ruwan da muke tinƙaho da shi na madatsar Okpara ne, shi ma na sha ne da wanki. Saboda haka ranar da aka sauke injin jirgin ruwa a ƙofar gidan dattijon da nake yi wa magatakarda, aka rataye shi a jikin katako, aka tsoma ƙafarsa cikin duro, yaran unguwa sun kewaye mu kamar masu wasa da kura ne suka sauka. Su kallo ya kawo su. Mu kuwa shari'a ce ta tara mu, kuma ban san cewa kafin rana ta faɗi ni ma zan shiga sahun waɗanda ake tuhuma ba.

Shekara 22 ke nan ina zaune a gefen tabarmar wannan dattijo. Ni ke rubuta masa wasiƙa, ni ke karanta masa wadda ta zo, da ajami aka rubuto ta ko da Faransanci. Littafin aure da na rabon gado da na amanar marayu duk suna cikin akwatina. Mai son ganinsa ta kaina yake bi, wanda ya yi nisa kuwa ni yake bugo wa waya in isar. Karatuna na allo ne da na zaure, Faransancin ma a bakin aiki na tsince shi. Game da inji, kafin wannan rana, iyakar sanina a zuba mai a ja igiya.

Ga yadda lamarin ya faro. Akwai wata baiwar Allah a Jugu, Hajiya kawai zan kira ta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya 5 da babbar mota guda mai jigila tsakanin Kwatano da Yamai. Dattijonmu ne wasiyyin yaran, littafin kuɗin kuma yana hannuna. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, bayan kwana 4 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka. Gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, wadda rabin abincin Paraku ke bi ta kanta, aka toshe ta da kwantenoni. Motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya wata da watanni. Ko da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Amma ciki ba ya jiran 'yan siyasa su shirya. Mutane da kayansu suka gangara ruwa, kwale-kwale da jiragen katako suka gaji aikin gada.

Motar marayu ta zauna tana cin kanta. Bayan shawara da dangi, dattijo ya yarda a sayar da ita, a sayi jirgin katako da injin hannu na biyu mai ƙarfin doki 75, irin wanda ake ratayawa a gindin jirgi. Malamanmu sun halatta wa wasiyyi ya juya dukiyar maraya don kada ciyarwa ta cinye ta, da sharaɗin ya kula da ita fiye da tasa. Aka danƙa jirgin a hannun wani matashi Basarke, iyayensa mutanen Yawuri, wanda ya iya ruwa tun kafin ya iya karatu. Duk Juma'a yakan turo kuɗi ta waya, ni kuma in rubuta. Watanni aka yi littafin yana faranta rai.

Bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilun 2024, sai lissafi ya fara ramewa. Lokacin ne kogin Kwara, wanda mutanen Dandi ke kira Isa, yake janyewa, tuddan yashi su fito a tsakiyarsa. Tsofaffi ma sun ce kafin Turawa su laƙaba wa Malanbil sunan gwamnansu Malan, Tasi ake kiran wurin, wato yashi da harshen Dandi. A cikin waɗannan makonni yaron ya bugo mini waya sau biyu. Ya ce: "Baba Malam, injin nan yana kuka. In na kai tsakiya da kaya sai ƙararrawa ta ɗauka, ya rage gudu da kansa, sai na raɓa tudu na kashe shi ya huce. Don Allah a gaya wa Baba." Sau biyun duka na ce masa: "To, na ji, zan faɗa." Ban faɗa ba. Dattijo bai daɗe da tashi daga jinya ba, azumi kuma ya taɓa shi, na ce wa raina kada in ɗora masa damuwa. Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa kaina da rana. Na dare kuwa, wanda ban so in kalla, shi ne na zargi yaron. Na ga kuɗi sun ragu, na ji uzuri ya biyo baya, sai na haɗa biyun na yanke hukunci ni kaɗai.

Ƙanen Hajiya, kawun yaran, shi ne ya gaji da jira ya tafi Malanbil da kansa. Ya tarar yaron na ɗaukar rabin kaya, sauran jirage na sawu uku shi yana biyu. Wani mai gyara a bakin gaɓa ya ce masa wannan ƙararrawa ƙarya take yi, in inji ya tsufa haka suke zama, a yanke wayarta kowa ya huta, ai da yawa sun yanke. Kawu ya ce a yanke. Yaron ya ce in an yanke, ga jirginku, shi ba zai ɗauki ran mutane a kai ba. Da wannan fushin kawu ya iso zauren dattijo, ya ce yaron ko ɓarawo ne ko matsoraci, kuma duk wanda ya zama a cikin biyun bai cancanci riƙon dukiyar marayu ba. Dattijo ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce: "Ruwa ba ya tsami banza. A zo mini da yaron, a zo mini da injin." Haka aka ɗauko ƙarfen nan da ya haura kilo 100, aka biyo da shi ta Kandi da Bembereke da Ndali, tafiyar kilomita 300 da 'yan kai, zuwa garin da ba shi da kogin da za a gwada shi.

Da aka zauna, kawu ya dubi yaron ya ce: "In da gaske injin na da ciwo, me ya hana ka sanar tun da wuri?" Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, bai ce uffan ba. Ni kuma alƙalamina na hannu, ina rubuta tambayar kamar ba ni da amsarta.

Bakaniken da aka kira tsoho ne, ƙuruciyarsa a Kwatano ya yi ta yana gyara wa masuntan tafkin Nokuwe injuna, da girma ya zo ya dawo Paraku yana gyaran janareto da injin ban-ruwa. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi wa dattijo bayani, don ya ce mai hukunci ya kamata ya san abin da yake kallo. Ya ce: "Ranka ya daɗe, babbar mota tana yawo da ruwanta a lagireto. Wannan shi ba ya ɗaukar guzuri, kogin da yake tafiya a kai shi yake sha." Ya nuna mana wasu 'yan ramuka a ƙafar injin, sama da farfela kaɗan, ya ce ta nan ruwa ke shiga. A sama da su akwai famfo, cikinsa 'yar fankar roba mai fukafukai, ita ke tura ruwan sama ta cikin bututu ya zagaye silinda uku ya kwashe zafinsu. A kan injin akwai wata 'yar ƙofa, tamostat, wadda ke rufe in inji na da sanyi, ta buɗe da kanta in ya ɗumama. Akwai kuma siririn ruwa da ke tsartuwa ta baya, wanda, a yi mini afuwa, 'yan jirgi ke kira fitsarin inji, shi ne alamar da matuƙi ke waiwaya ya gani ya san famfo na aiki.

Sa'an nan ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce gaɓar yatsa ba, a dashe a kan injin, da wayoyi biyu suna fita daga gare shi. Ya ce: "Ga wanda ake ƙara." Na'urar jin zafi ke nan. A cikinta akwai faifai na ƙarafa biyu da aka manne, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji wuta. In zafi ya kai iyakar da aka yanka masa sai faifan ya lanƙwashe ya haɗa wayoyin nan biyu, ƙararrawa ta ɗauka, akwatin wutar injin kuma ya rage masa juyi zuwa wajen 2,000 a minti don kada ya kashe kansa. In babu wannan, fistin zai yi ta kumbura cikin silinda har ya kama, injin ya mutu a inda yake. Tsohon ya ce abubuwa uku ne a jere: mai jin zafin, da wayar da ke ɗaukar saƙo, da ƙararrawar da ke shela. Kowanne na iya lalacewa shi kaɗai, don haka kowanne za a tambaye shi shi kaɗai.

Ya fara da mai shela. Ya tayar da injin cikin duro, bayan ya tabbatar ruwa ya rufe famfon, domin ya ce fankar roba in ta juya a bushe ko na ɗan lokaci kaɗan ne ƙonewa take yi. Ya zare wayoyin daga jikin na'urar, ya haɗa bakunan da suka nufi cikin inji da juna. Nan take ƙararrawa ta tsala ihu, yara suka watse suna dariya. Ya raba su, ta yi shiru. Ya ce muryar lafiyarta lau, ya kashe inji.

Daga nan ya kwance na'urar ya riƙo ta a tafin hannu, ya ce a ba shi tukunya da murhun gawayi. Uwargida ta aiko da wata tsohuwar tukunya tare da saƙon cewa in an gama kada a mayar mata. Ya fara ɗora wayoyin mitarsa a kan na'urar tana da sanyi, mita ta yi shiru, ya ce haka ya kamata, mai gaskiya ba ya ihu in babu wuta. Ya gitta sanda a bakin tukunya, ya rataye na'urar da zare, kanta cikin ruwa, wayoyinta a waje, bai bar ta ta taɓa gindin tukunya ba, domin gindin ya fi ruwan zafi, zai sa ta yi magana kafin lokacinta. Ya tsoma ma'aunin zafi kusa da ita. Ya buɗe wani tsohon littafin inji da mai ya ɓata, ya nuna mini layin, ya ce in karanta wa jama'a: irin wannan na'ura za ta haɗa wuta tsakanin digiri 84 da 90, ta saki in ruwa ya sauko tsakanin 74 da 60. Ya ce kowane inji da nasa adadi, ba a ɗaukar na wani a yi wa wani hukunci da shi. Ya miƙa mini ma'aunin ya ce: "Malam, kai ne mai rubutu, kai za ka riƙa faɗa."

Ban taɓa ganin dattawa sun zuba wa tukunyar ruwan banza ido haka ba. Ina faɗa, 50, 60, 70, mita shiru. Kawu ya gyara zama. Da na ce 80, na saci kallon yaron, na ga leɓɓansa na motsi. A kan 87 mita ta yi tsuwa. Aka sauke tukunya, aka jira ruwa ya huce, a kan 70 ta yi shiru. Tsohon bai yarda da sau ɗaya ba, ya mai da tukunya kan wuta har sau uku, kuma sau ukun ba ta kauce daga inda ta tsaya da fari ba sai da digiri guda. Ya share ta da tsumma ya ajiye a gaban dattijo ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta ƙarya. Duk ranar da ta yi kuka, da gaske injin na ƙonewa."

A nan ne karatun zaure ya dawo mini. A babin hukunci da shaida an koya mana cewa alƙali ba ya karɓar maganar shaidar da bai sani ba sai an tsarkake shi, an tambayi waɗanda suka san halinsa, kuma ba ya jefar da maganarsa don kawai ta yi wa wani ɗaci, sai an kawo abin da ya soke shi. Wannan tsoho bai taɓa zama gaban malami ya karanta babin ba, amma ga shi ya aikata shi da tukunya da gawayi. Mai gyaran bakin gaɓa kuwa ya soke shaida ba tare da bincike ba, ya ce a yanke masa harshe, dalilinsa kawai shi ne shaidar na hana ciniki.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Tsohon ya bi wayar da yatsa tun daga mazaunin na'urar, yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, mita na haɗe. Ya ce waya hanya biyu take cin amana. In rigarta ta goge ta taɓa jikin inji, sai ƙararrawa ta yi ta ihu alhali babu zafi, irin wannan ne ke sa mutane su gaji su yanke. In kuwa tsatsa ta ci mahaɗinta, sai na'ura ta yi magana saƙon ya maƙale a hanya, wannan ya fi muni, domin matuƙi na tafiya da natsuwa wuta na cin injinsa. Ya zare wani mahaɗi da ke ɓoye ƙarƙashin roba, sai ga koren tsatsa ya cika shi, silin tagulla biyu ko uku kaɗai suka rage a riƙe. In ya motsa shi mita ta yi tsuwa, in ya saki ta ɗauke. Ya nuna mana fentin kan injin inda ya sauya launi ya yi duhu, ya ce: "Wannan inji ya yi zafi fiye da sau nawa ya yi kuka. Shaida mai gaskiya ne, mai shela ma lafiya lau. Ɗan aiken da ke tsakaninsu ne wata rana ya kai saƙo, wata rana ya yi shiru."

Ba da ni yake ba, bai ma san da maganar ba. Amma na ji gumi ya keto mini a ƙarƙashin hula. Yaron bai ɗago ya dube ni ba, kuma rashin dubawar ya fi mini zafi.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya yanke ruɓaɓɓen mahaɗin, ya feƙe wayar har ya kai inda tagulla ke ƙyalli, ya sa sabo ya like da dalma, ya naɗe, ya shafa giris don kada ruwa ya sake samun hanya, ya ɗaure wayar nesa da inda za ta goga. Ya goge mazaunin na'urar ya mayar da ita. Sa'an nan ya juya ga abin da take ta faɗa tun farko. Ya kwance ƙafar injin ya buɗe famfo. Fankar robar ta ƙandare, fukafukanta sun lanƙwashe ba sa miƙewa, biyu sun gutsure, farantin da take juyawa a kai yashi ya yi masa zane kamar an bi da ƙusa. Ya ce ba za a rufe ba sai an nemo gutsattsarin, domin in suna cikin bututu sabuwar fanka ma aikin banza za ta yi. Ya yi ta tura ruwa ta baya har suka faɗo, tare da yashin da ya kusa cika kofin shayi. Tamostat ɗin ma yashi ya riƙe ta, rabi kawai take buɗewa. Ita ma ta shiga tukunya, da aka wanke ta sai ga ta tana buɗe baki tun ruwa na wajen digiri 50. Ya auna matsin silinda ukun ya tarar ba su yi nisa da juna ba, ya dubi yaron ya ce: "Ɗana, tsayawar da kake yi a tudu ita ta ceci injin nan." Da aka sake tayarwa, siririn ruwan nan da a da yake ɗiga ya fito da ƙarfi har ya jiƙa wa kawu riga. Duk abin da aka saya, fanka da faranti da mahaɗi, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Bayan sallar la'asar, kafin jama'a su watse, na ajiye alƙalami na ce: "Ranka ya daɗe, ina da magana." Na faɗi abin da ya faru. Dattijo ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce: "Sau nawa ya bugo?" Na ce sau biyu. Ya ce: "Me ya hana ka?" Na ce na tausaya wa jikinsa, kuma na zargi yaron. Ya ce: "Na farkon ni ka yi wa, na yafe. Na biyun ba nawa ba ne, ga mai shi nan zaune." Na juya ga yaron da na haifi kamarsa, na nemi gafararsa a gaban mutane. Ya rikice ya ce: "Haba Baba Malam, wallahi ba komai." Dattijo ya yanke cewa kuɗin ɗauko injin da mayar da shi daga aljihuna za su fita, ba za a taɓa na marayu ba, tunda da saƙo ya iso da a bakin ruwa aka yi gyaran. Ya ƙara da cewa: "Malam, daga yau ka kawo mini mai daɗi da mai ɗaci. Tacewa aikina ne, naka isarwa." Kawu ma, a faɗi gaskiya, ya miƙa wa yaron hannu, ya ce shi tsoron yunwar 'ya'yan 'yar'uwarsa ne ya rufe masa ido.

Washegari aka aike ni Jugu in kai wa Hajiya bayani da bakina. Ina cikin mota ina tuna cewa wannan hanya ta yamma tsohuwar hanyar fatake ce. Ta nan ayarin Kano da Katsina ke ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, wadda tsofaffi ke kira Zugu, kafin su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro. Kowane ayari na da madugu, yana da malami mai riƙe lissafi irina, yana kuma da jagaba wanda ke gaba yana duba hanya. Jagaba in ya dawo ya ce akwai 'yan fashi a mashigi, ko rafi ya cika, ya jawo wa ayari asarar kwana guda, kuma babu wanda ke murna da ganinsa a ranar. Duk da haka ba a taɓa jin madugun kirki ya sallami jagaba don ya cika kawo labari marar daɗi ba.

Hajiya ta saurari lissafi daga bayan labule har na kai ƙarshe, ban ɓoye nawa laifin ba. Tambaya guda ta yi: "Malam, da an yanke wayar fa?" Na gaya mata abin da bakanike ya gaya mana, cewa da injin ya ci gaba da gudu yana ƙonewa har ya kama, mai yiwuwa a tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata da yara da buhuna, igiyar ruwa ta juya shi ta gefe. Mu da ke bin labarin kogin nan ba mu manta da jirgin da ya nutse a kusa da Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ko na Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Kowanne da sababinsa, amma ruwan ɗaya ne, kuma ba ya mayar da abin da ya karɓa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: "Kuɗin da za su zo da gawa ba na so 'ya'yana su ci. A gaya wa yaron ya riƙa ɗaukar abin da ya ga zai iya." Ta ba ni goro da turmin atamfa in kai wa mahaifiyarsa.

Ga 'yan'uwa masu jirgi ko masu ɗan'uwa a bakin ruwa, daga Malanbil har Yawuri, abin da na kwaso daga bakin tsohon nan ke nan. In ƙararrawa ta ɗauka a rage wuta, a waiwaya a dubi siririn ruwan baya, a raɓa gaɓa a kashe inji, a duba ramukan shan ruwa ko leda ko ƙainuwa ta toshe su. Kada a tayar da inji a bushe, kada a ja ƙafarsa cikin yashi. Fankar roba a sauya ta a kan lokaci, musamman bayan rani, kada a jira ta gutsure. In ana shakkar na'urar, tukunya da ma'aunin zafi da mita sun isa su raba gardama kafin shayi ya nuna. A riƙa gwada ƙararrawar ma ko ba ta yi kuka ba, domin shirunta ba kullum ne alamar lafiya ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bayan mako uku da mayar da injin, wayata ta yi ƙara bayan sallar isha'i. Yaron ne. Ya ce ƙararrawa ta ɗauka da yamma, ya tsaya ya duba, leda ce ta manne a ramukan ruwa, ya cire, komai ya daidaita, ya dai ce bari ya sanar. Na sa takalmi na taka har gidan dattijo, na yi sallama, na tarar har ya kishingiɗa. Na ce: "Ranka ya daɗe, saƙo daga Malanbil. Leda ce, an cire." Ya yi murmushi ya ce: "To, madalla. Rubuta."

Na koma gida na rubuta. Allah ya tsare matafiya na ruwa da na tudu, ya ba mu ikon isar da amana.